Goyon Sabi'u Mai Fenti

In ka taɓa bin babbar hanyar Madawa a bayan motar albasa, to ka ga aikin Sabi'u ko da ba ka san sunansa ba. Zakin nan da idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, da gaggafar da ta cafko maciji, da giwar da ke tafiya a ƙarƙashin "Sai Haƙuri", duk daga rumfarsa suka fito, can gefen tasha, tsakanin mai facin taya da mai tsire. Mutumin Allakaye ne. Yana saurayi ya bi sa'o'insa bida, wato neman kuɗi, a Abijan, kamar yadda kowane ɗan Adar mai ƙafa yake yi. Ya yi dako, ya yi tallan agogo, har Allah ya haɗa shi da wani mai rubuta allunan shaguna da ke neman wanda zai riƙe masa tsani. Daga riƙon tsani ya koma riƙon buroshi. Da ƙasar mutane ta ishe shi ya dawo, amma bai koma ƙauye ba, don a Allakaye babu bangon da ke bukatar zaki. Ya zauna Madawa, ya auri Hindatu, ya yi furfura a nan.

Sabi'u yana da wani ilimin dabbobi nasa na kansa, wanda ba a makaranta ya samo ba, kuma bai taɓa yarda a gyara masa shi ba. A wurinsa dabbobin duniya gida uku ne. Akwai masu tafiya 'ya'yansu na biye, irin saniya da raƙumi. Akwai masu ɓoye 'ya'ya a rami ko a lungu, irin zomo da kyanwa. Sai masu goyo, wato biri da ɗan Adam. Tsuntsaye da macizai ya tara su gefe guda ya ce 'yan ƙwai ne, ba ruwansa da rigimarsu. Jemage kaɗai ya taɓa ba shi ciwon kai, shi ma ya kashe maganar da cewa ba direban da zai so jemage a bayan motarsa. Ba ya zana dabba sai ya san gidansu, kuma yakan faɗi haka da ƙarfi, musamman in akwai baƙo a rumfar.

Wata rana wata mata ta sauka daga kabu-kabu ta yi masa sallama. Mardiyya ce, sabuwar ungozomar da aka kawo wani gidan likita a bakin gari, yarinya ce da ba za ta girmi 'yarsa ba. Ta ce sun buɗe ɗaki na musamman don bakwaini, jariran da ke zuwa kafin lokacinsu, tana son a zana mata wata dabba a bangon ɗakin, babba, yadda za a hango ta tun daga ƙofa.

"Wace dabba, Madam?"

"Kanguru, Baba."

Sabi'u ya gyaɗa kai kamar jiya ma ya zana biyu. Ta buɗe salularta ta miƙa masa. Ya ga wata halitta tsaye a kan ƙafa biyu, kunnuwa na jaki, hannuwa 'yan ƙanana, wutsiya kamar taɓarya. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya sa ya kau da kai shi ne ƙasan cikin dabbar, inda wani ɗan kai ya leƙo, da kunnuwa biyu, da ƙafa guda a waje. Wane marar ta-ido ne ya tsaya ɗaukar dabba hoto tana tsakiyar haihuwa? Kuma ga shi yarinya mace ce ta miƙo masa, da rana tsaka, a gaban mai tsire. Ya maida mata salular da sauri.

"In tura maka hoton?"

"A'a. Idona ya ɗauka."

Bai tambaye ta komai ba, don ba zancen da dattijo zai yi da sa'ar 'yarsa ba ne. Ita kuwa washegari ta tafi Tawa wani horo, ta bar masa bango da amana.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya. Dabba ce mai tsayuwa da ƙafa biyu, tana da hannu, saboda haka gidansu a fili yake, 'yar gidan masu goyo ce. Ya rufa mata asiri, ya shafe cikin nan sumul, ya ɗauke ɗan ya maida shi inda kowace uwar kirki ke sa ɗanta. Ya ɗaura mata zane shuɗi mai furanni, ya ƙara majanyi, ya fito da 'yan ƙafafun ɗan ta gefe da gefe. Matan da ke zuwa awo suka riƙa tsayawa suna kallo. Wata ma ta tambaye shi a wace kasuwa ake samun irin zanen.

Da Mardiyya ta dawo ta ga bangon, dariya ta yi har sai da ta zauna a kan benci. Da dariyar ta ƙare ta aika aka kira shi.

"Baba, mi ka yi mini haka?"

"Na gyara miki, Madam. Hoton da kinka gwada mini, dabbar tana cikin wani hali. Ba a sa irin wanga ga bango."

"Wane hali?"

Sabi'u ya dubi rufin kwano.

"Wayyo Baba, ba haihuwa ba ta! Aljihu na. Da shi Allah ya halicce ta, nan ɗanta ka zama."

Ta yi masa bayani. Bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. In ya yi sanyi sai ya daina tsotso, in ya daina tsotso sai ya tafi. A manyan asibitoci akwai kwalabar da ake sa su, amma nan ko lantarki sai ya ga dama. Dabarar ita ce a ɗora jaririn a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, ya zauna nan har ya yi ƙwari, kuma daga wannan dabba aka ɗauko sunan dabarar. Ta ce kullum fama take da tsofaffi a kan goyon gaba, ta so bango ya taya ta magana, ga shi bango ya koma bayansu.

Sabi'u ya ce zai gyara. Amma bai tafi da gwangwanin fenti ba, sai ya tafi fada, inda yake shan shayi da abokansa bayan la'asar, ya kai ƙara wurin Mushe Abdurrazak, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda Mushen nasa Malam ke nan da Faransanci. Yana fatan Mushe ya ce yarinyar ta yi kuskure.

Mushe Abdurrazak mutum ne da ya daɗe yana jiran a yi masa tambaya. Ya aje kofin shayi ya gyara zama.

"Madam ta hi ka gaskiya. Masu ilimin dabbobi ba goyo sunka duba ba, nono sunka duba. Duk dabba mai gashi da ka ba ɗanta nono, dangi guda na, tun daga kusu har giwa, har kai da ni, har jemagen da kaƙ ƙi. Cikinsu akwai masu riƙe ɗa a ciki, mabiyiya na ci da shi, har shi nuna. Mu ke nan, da akuya. Akwai wasu 'yan kaɗan can Ostareliya da ka yin ƙwai, ƙwan shi hwashe, kuma su ba ɗan nono."

"Ƙwai da nono? Mushe, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin shi. Sai masu aljihu, su kanguru da danginta. Ita cikinta wata guda na da 'yan kwanaki. Abin da taka haihuwa bai wuce ƙwarar wake ba, babu gashi, babu ido. Shi da kainai shika jan jiki shi hau, shi hwaɗa aljihun, shi kama nono. Nan shika ƙarasa halitta, wata da watanni."

"To ke nan duk ɗiyanta bakwaini na?"

"Duka."

Abin ya ɗan taɓa Sabi'u. Amma abin da ya fi taɓa shi shi ne gidajensa uku da aka rushe masa a zama ɗaya, har an haɗa shi dangi da kusu. Ya ce zai yi tunani. Ana cikin haka sanyi ya shigo, direbobi suka fara kawo motoci a sabunta musu zane kafin cirar albasa, aiki ya yi masa yawa. In Mardiyya ta aiko sai ya ce gobe. Kanguru ta ci gaba da goyonta a bango, da zanenta mai furanni.

Jaratu ita ce 'yarsa ta fari, kuma irin 'yar farin da ake yi wa kunya ta gaske. Tun da aka haife ta bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa har ta girma. Yana son ta so mai tsanani, amma sai dai ya sayo kilishi ya aje inda za ta gani. Tana aure a Azarori, mijinta Kamilu yana Abijan bida, kamar yadda Sabi'u ya yi a zamaninsa. Cikin fari ne da ita, ana shirin ta zo gida haihuwa in lokaci ya matso. Lokacin bai jira ba. Cikin yana wata bakwai naƙuda ta taso, aka sako ta a motar kasuwa tare da uwar mijinta, wadda kowa ke kira Goggo Habsa.

Da safe Sabi'u ya iso gidan likitan, hannunsa duk jan fenti. An haifi mace, da rai, amma da ƙyar ta wuce rabin tiyar gero a nauyi. Jaratu ta zubar da jini da yawa, ga zazzaɓi, jaririyar tana ƙirjinta amma ita kanta sai lumshe ido take yi. Mardiyya ta ce dole a samu mai karɓarta, don uwar ba za ta iya yini da kwana a haka ba. Hindatu tana fama da tari, an hana ta ko matsowa. Saura Goggo Habsa, kuma muryarta ya fara ji tun daga ƙofa.

"Ni da girmana in tuɓe in ɗora jinjira ga gaba? Ku ba ni ita in goya, in lulluɓe ta da bargo, a kawo kaskon wuta kusa. Haka munka ga iyayenmu na yi."

Mardiyya ta ce, "Goggo, ga baya ba ki ganin numhwashinta. Zane na tsakaninku, ɗuminki ba shi kai mata. Taɓa ƙahwarta ki ji, ta hwara sanyi."

"Ke ɗiyata, ba ke kinka ce wata dabba ta koya muku ba? To ga ta can." Goggo Habsa ta nuna bango da dukan hannunta. "Ina tas sa nata? Ko dabbar ta san baya aka goyo."

 Mardiyya ta juyo ta dubi Sabi'u, shi ke nan.

Ya sha jin kunya a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ga jikarsa tana hucewa a cikin ɗaki, ga ƙaryar da ya zana da hannunsa tana ba da shaida a kanta. Ya matsa kusa da surukarsa ya rage murya.

"Goggo, ni niz zana wagga dabba, kuma ba daidai niz zana ba. Ga gaba taka sa ɗanta. Madam ta hwaɗa mini tun tuni, taurin kai ya hana ni gyarawa."

"To, Malam Sabi'u, in gaba ta, ga ka ga gaba. Ai kai ma kana da ƙirji."

Gatse ta yi masa. Sai Mardiyya ta ce, "Namiji na iyawa. Ɗumi ɗumi na."

Ya aika aka ɗauko masa gwangwani. Kafin a gama yi wa Jaratu allura ya shafe goyon, ya buɗe wa kanguru aljihunta, ya leƙo da ɗan kai daga ciki. Aikin gaggawa ne, bai yi kyau ba, har yau in ka je za ka ga dabbar da ɗan tozo a baya inda zanen yake. Daga nan Mardiyya ta ba shi sabulu ta nuna masa famfo. Ta ce warin fenti da na fetur ba za su kusanci jaririyar ba, tabar da yake sawa a baki ma haka. In ya karɓi aikin nan, ya aje buroshi sai ranar da ta sallame shi.

"Motoci na jira na, Madam."

"Su suna iya jira, Baba."

Ya wanke hannu har fatar ta yi zafi, ya tuɓe riga a bayan labule, ya zauna a kujera. Aka ɗora masa ita, daga ita sai ɗan ƙyalle da hular ulu da ta yi mata yawa. Aka juya kanta gefe, aka buɗe ƙafafunta a kan haƙarƙarinsa, aka ɗaure da zane, aka maida masa babbar rigarsa a sama. Bai ji nauyi ba ko kaɗan. Sanyi ya ji, kamar an ɗora masa ɗanyen ƙullu, da wani ɗan bugu mai sauri a ƙarƙashin nasa. Tsoro ya kama shi, har numfashi yake yi rabi-rabi kada ya tashe ta. Ya zauna bai motsa ba, bai san iya daɗewar ba, sai da Mardiyya ta zura hannu ta taɓa tafin ƙafar jaririyar ta ce ta fara ɗumi. Sabi'u ya dubi bango don kada a ga idonsa.

Da aka sallame su suka koma gidansa, aka raba aiki. Jaratu ta riƙe ta in ta samu ƙarfi, ta tatsi nono a ba ta da ɗan cokali, shi kuma ya karɓa in an idar da salla ya zauna da ita a zaure har wata sallar. Labari bai kwana ba. Direbobi suka riƙa biyowa, wai sun zo tambayar motocinsu, su tsaya a bakin ƙofa suna kallon tudun da ke cikin rigarsa.

"Sabi'u, wata nawa?"

"Allah shi sauke ka lahiya!"

"Ku yi a hankali," yake ce musu, "amarya na barci. Duk wanda yat tashe ta, kare nika zana mai a madadin zaki."

Wasu suka jira shi. Wasu suka kai motocinsu wurin wani sabon mai fenti a ɗaya gefen tashar. Ranar da Sabi'u ya hango ɗaya daga cikinsu ta wuce da wani zaki mai fuskar tunkiya, abin ya ci masa rai ƙwarai, ya yi tsaki, jaririyar ta motsa, ya ba ta haƙuri. Fada ma ta taso ta dawo ƙofar gidansa, amma ya sa aka kai murhun shayi can gindin bishiyar bedi saboda hayaƙi. Mushe Abdurrazak ya ce a iya karatunsa, a dangin kanguru mata ne ke da aljihu, saboda haka bai san gidan da zai sa Sabi'u ba. Sabi'u ya ce a bar shi a zaure.

Ranar suna Kamilu ya bugo waya daga Abijan ya ce a sa mata Fiddausiya. Liman ya zo, maƙwabta suka taru, aka raba goro da dabino. Mai sunan tana cikin rigar kakanta, saboda haka da aka zo addu'a sai jama'a suka juyo gaba ɗaya suka fuskanci cikin Sabi'u suka shafa. Wanzami ya buɗe zabirarsa zai yi aski, Sabi'u ya ce Madam ta ce hular nan ba ta fita sai yarinya ta yi ƙwari, in aski yake so ga kansa nan. Wanzamin bai yi musu ba, ya aske shi tas, Fiddausiya tana barcinta a ƙasa.

Ba kullum ake dariya ba. Wata hantsi yana zaune yana sauraron Mushe, sai ya ji ƙirjinsa ya yi shiru. Ɗan motsin nan da ya saba ji yana hawa yana sauka ya tsaya. Ya leƙa cikin rigar, ya ga leɓenta ya canza launi. Tun farko Mardiyya ta gaya masa haka na faruwa da bakwaini, sukan manta da numfashi, ta kuma nuna masa abin yi. Ya shafa bayanta da ƙarfi, ya murza tafin ƙafarta, yana kiran sunan Allah, yana kiran nata. Ba abin da ya motsa. Ya sake murzawa. Sai ta ja wata 'yar ajiyar zuciya, ta yi wani kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Ya miƙe da ita a jikinsa, ba takalmi, ya nufi gidan likita, Jaratu na biye da shi tana kuka a fili, ta manta da wata kunyar 'yar fari. Mardiyya ta duba ta, ta riƙe su har washegari, ta ce ya yi daidai. Tun daga ranar Sabi'u ya daina sauraron kowa da kunne biyu, ɗaya kullum yana cikin riga.

Goggo Habsa ba ta koma Azarori ba, ta zauna wankan jego, tana kallon komai ta gefen ido. Abin da ya karya ta ba wa'azin kowa ba ne, ɗaurin zanen Sabi'u ne. Kullum sai ya kwance, kullum sai ya karkace.

"Wanga ɗauri ko buhun albasa ba a yi mai shi. Tashi tsaye, Malam Sabi'u."

Ta ɗaure masa tamau, ta soke bakin zanen yadda ya kamata. Bayan kwana biyu ta ce bari ta nuna masa yadda ake zama da ita, don shi yana sanƙarewa kamar an dasa shi. Ta shiga ɗaki ta karɓi jaririyar a ƙirjinta. Nunin bai ƙare ba sai la'asar. Daga ranar ta shiga layi, amma ta gargaɗi kowa kada labarin ya kai Azarori.

Wurin miƙa jaririya da karɓarta ne Sabi'u da Jaratu suka fara magana. Dole ce ta sa. Ta sha da yawa? Ta yi fitsari? Riƙe kan, Baba. Sa hannunki nan. A 'yan makonnin nan sun yi zancen da ya fi na duk shekarun da ta yi a gidansa. Wata rana tana gyara hular jaririyar a ƙirjinsa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, ashe ka iya riƙon yaro." Sai ya ce hular ta karkace.

Ana ta zuwa awo, Fiddausiya tana ta ƙaruwa. Hular ta zauna mata daidai, daga baya ta matse ta. Kukan ya yi kauri har maƙwabta suka fara ji. Sanyi ya wuce, aka fara cirar albasa, motoci suna wucewa da kaya. Sai yarinya ta fito da sabon hali. Da an sa ta cikin rigar sai ta hau shure-shure, ta yi gumi, ta turo hannu ta wuyan rigar, ta tsala ihu. Sabi'u ya damu, ya ce ba ta da lafiya, suka kai ta wurin Mardiyya.

Mardiyya ta ɗora ta a ma'auni, ta duba, ta yi murmushi.

"Lahiyarta lau, Baba. Ta gaji da kai na. Ta kai, tana riƙe ɗuminta da kanta. Na sallame ka."

"Ma'aunin ga na da kyau kuwa? Ku sake aunawa."

"Shina da kyau."

"Ko a ƙara mata sati guda, don a tabbata?"

"Ba ni nic ce ba, ita tac ce."

Ya yi hamdala, kuma da gaske yake, don abin da ya roƙi Allah ke nan tun ranar farko. Amma bai san haka samun biyan bukata yake da ciwo ba.

Da aka gama wanka, ranar komawa Azarori ta zo. Aka kai kaya tasha. Goggo Habsa ta karɓi Fiddausiya ta ɗora wa Jaratu a baya, ta ja zane, ta ɗaure majanyi, tana cewa yau dai an dawo hanya. Jaratu ta durƙusa ta yi wa ubanta sallama, ta juya ta nufi mota. A nan ne Sabi'u ya ga fuskar jikarsa sosai, kumatunta a kwance a bayan uwarta, idanunta biyu a buɗe suna kallon tasha. Duk zaman da suka yi tsakiyar kanta ya sani, da ƙamshin hularta, da bugun zuciyarta. Ashe kyakkyawa ce. Ta dube shi kamar yadda ta dubi mai tsire, mota ta tashi.

Bai tsaya rumfa ba, ko da yake ga wani direba yana ta yi masa hannu. Ya kama hanyar gida a hankali, yana kauce wa rami, yana juya kafaɗa in babur ya taho. Hindatu, wadda tarinta ya warke, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube shi, ta ga hannunsa na dama a tallabe da gaban rigarsa.

"Malam, saki rigar. Ba kowa ciki."

"Na sani," in ji shi.

Ya shiga zaure ya zauna a kujerarsa, hannun yana nan inda yake.